Shekarar da Na Kusa Korar Ubanku

Bari in fara da abin da kuke son ji, don ku bar ni in ci gaba cikin kwanciyar hankali: a labarin nan ni ne wawa. Na faɗa, na kuma rubuta da hannuna, babu wanda ya matsa mini. Amma yadda uwarku take ba ku labarin, wai kakanku ya kusa hana a haife ku saboda ƙwallon Turawa, wannan an datse shi da yawa. Wautata tana da tsari, tana da hujjoji, kuma sai da na yi dogon nazari kafin in aikata ta. To ku ajiye wayoyin nan ku ji yadda aka yi.

Dole in fara da kulob ɗin. Ba zan rubuta sunansa ba, domin duk ranar da na ambace shi a gidan nan sai wani a cikinku ya riƙe ciki yana dariya, ni kuwa ba na son a yi wa littafina dariya a inda ban shirya ba. Ban zaɓe shi ba. Ina saurayi a Fagge na sayi wata rigar gwanjo mai ratsi-ratsi a Ƙofar Wambai, da wani tambari a ƙirjinta. Wani malamin makaranta maƙwabcinmu ya duba ya ce ai rigar 'yan ƙwallo ce ta wani gari a Ingila. Daga ranar, duk Asabar ina manne da rediyo. Turancina na ɗan firamaren da bai ƙarasa ba ne, bai kai in gane sharhi ba, amma ina gane sunan garin, ina gane lamba. Mai karanta sakamako kuma yana da wata ɗabi'a, in ya zo kanmu muryarsa takan yi ƙasa kamar mai shirin yin ta'aziyya, tun kafin ya faɗi lambar na san an yi mana. Da a ce rigar da ke ƙarƙashinta na jawo a tulin nan, wataƙila da na yi rayuwa mai daɗi.

Na je Dubai da furfurata. Aikina a wani siton kargo ne a Al Warsan, muna ɗaure kayan 'yan kasuwar Kano, muna rubuta suna a jikin kwali, muna loda kwantena. Kwana kuma a Hor Al Anz, falat ɗaya mu da yawa, gado bisa gado, wasu 'yan Najeriya wasu 'yan zangon Gana. Kakarku tana Kano da sauran yara. Uwarku Zuwaira ce ta biyo ni daga baya, da ta gama karatun jinya ta samu aiki a wani asibiti, tana zaune a Al Nahda da abokan aikinta mata. Duk Juma'a takan kawo mini tuwo da miyar kuka a cikin kula, ta zauna har in cinye, tana yi mini faɗa a kan gishiri da shayi mai madara.

A ƙasan benenmu akwai shagon shayi na wani mutumin Indiya. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu, muka sa masa Habibi, don kowa ya shigo haka yake kiransa, har ɗan sanda. Talabijin biyu gare shi. Babbar tana bango, ita ce ta manyan kulob, a nan ake taruwa ana ihu ana rantsuwa. Ƙaramar tana kan firiji kusa da ƙofar kicin, launinta ya fara gudu, ita ce tawa. Na yi shekaru ina zama gabanta ni kaɗai, na juya wa jama'a baya, kamar wanda aka sa a kusurwa don ya yi laifi. Samarin suka sa mini Koci, ba don girmamawa ba.

A nan ubanku ya same ni. Mutawakilu, ɗan zangon Kumasi, mai gadi a wani otal a Deira, kowa Muta yake ce masa. Wannan mutumin da kuke gani yanzu mai shiru, wanda ba ya ɗaga murya ko an taka shi, ku yarda da ni, a lokacin bakinsa ba ya rufuwa. Ranar farko bai zo kallo ba, ya zo tsokana ne. Ya jawo kujera ya zauna dab da ni, ya kalli allon, ya kalle ni.

“Koci, cale, wane zunubi ka yi aka haɗa ka da waɗannan?”

Cale ɗin nan a bakin 'yan Gana aboki ke nan. Na ce masa ya fara koyon Hausa tukuna kafin ya yi mini tambaya, mutumin da yake cewa “matar ya zo” ba shi da bakin magana a kan ƙwallo. Ya yi dariya har ya buge firiji. Mako na gaba ya dawo don ya ga ko za a sake cin mu. Aka sake. Na gaba ma ya dawo. A mako na nawa ne ban sani ba, aka ba mu bugun kwana a ƙarshen wasa, na waiga na ga yaron ya miƙe tsaye hannayensa a ka. Na ce a raina, shi ke nan, cutar ta kama shi, Allah Ya ba iyayensa haƙuri.

Shi ne ya lalata mini tarihin kulob ɗina. Ni tun ina Fagge na tsara abina: sojojin Sarauniya ne suka kafa shi bayan sun dawo daga yaƙi, shi ya sa 'yan wasanmu suke da taurin kai. Na ba mutane da yawa wannan labari, wasu har sun ba wasu. Muta ya ɗauko wayarsa ya karanta, yana fassara mini da Hausarsa mai karkata. Ashe leburorin masaƙa ne, waɗanda in an tashe su aiki ranar Asabar ba su da abin yi sai buga ƙwallo a cikin taɓo. Filinsu na farko makiyayar tumaki ce, sai an kori tumakin kafin a fara wasa. Kofi babba ɗaya suka taɓa ɗauka, tun kafin a haifi ubana, kuma har yau hoton masu gashin bakin da suka ɗauko shi ne a ƙofar filin. Daga nan sai hawa da sauka, a hau babban aji a yi shekara kaɗan, a faɗo ajin 'yan dagaji, a sake lallaɓowa. Na yi fushi da farko, na ce wayar ƙarya take yi. Da na kwanta na sake tunani sai abin ya yi mini daɗi. Leburori ne, masu ɗaukar kaya irina. Ashe ba kuskure rigar nan ta yi ba.

'Yan wasan kuwa tare muka raɗa musu suna, don nasu ba sa zama a baki. Golanmu Rariya, kun san dalili. Akwai wani ɗan baya mai wuya kamar turmi, shi ne Gatari, bai taɓa tambayar ina ƙwallo take ba, ƙafa yake nema. Kyaftin ɗinmu Alhaji, saboda tafiyarsa a tsakiyar fili irin ta mai dawowa daga cin abincin walima ce, amma in ya ba da ƙwallo sai ta je inda ya aike ta. Akwai wani siririn yaro a gefe mai gudun tsiya da muke kira Ɗan Aike, yakan kai saƙo har ƙofar gida sai ya manta abin da aka aike shi. Sannan ɗan gabanmu, wanda aka sayo da dogon buri, Gobe. Kullum in ya zubar da ƙwallo a gaban raga sai Muta ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, gobe zai ci. In na kare Alhaji, ya ce tsohon nan bai san ƙwallo ba, tsofaffi ne ke kare junansu. In ya kare Ɗan Aike, in ce ai dole, kai da shi kanku ɗaya. Kofin shayi ɗaya mun sha tare, ya sha fizgar faratar da ke hannuna, wato gurasar Indiyawa, ya gutsura. Ban taɓa samun abokin zama irinsa ba, ko a Kano.

Wata Asabar Rariya ya saki wata ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, na miƙe zan yi magana, sai shagon ya juya da ni. Na farka a asibiti. Hawan jini ne. Muta ne ya ɗauke ni a tasi, shi ya lalubo lambar uwarku a wayata, shi ya zauna a baranda har ta fito ta ce masa tsohon ba zai mutu yau ba, taurin kai ya yi masa yawa. A barandar nan suka fara ganin juna. Saboda haka in kuna neman wanda za ku gode wa da zuwanku duniya, wani Bature ne mai ramin hannu, ba ni ba.

Kakar wasa ta gaba muka shiga da ƙafar hagu. Aka ci mu, aka sake ci, muka yi canjaras, aka koma ci. Kafin sanyi ya shigo muna can ƙasan teburi, inda ake kora. A daidai lokacin nan Muta ya ɗauke ƙafa. Asabar ta farko na ce aiki ne. Ta biyu na ajiye masa kujera har aka tashi. Na kira wayarsa, ya ɗauka da wata murya kamar ta mai karatun addu'a, ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya ce an canza masa lokacin aiki ne. Bayan kwana kaɗan na hango shi a bakin titi kusa da masallaci. Ya hango ni, ido da ido, sai ya juya ya shige wani lungun da na san ba ya ɓullewa ko'ina. Wata rana na shiga shagon Habibi da safe yana ciki yana cin ƙwai da burodi, ya miƙe ya durƙusa ya gaishe ni a gurguje, ya bar abincin ya fice. Samarin babbar talabijin suka samu abin yi. Suka ce Koci, almajirinka ya waye, ya gane hanya, kai kaɗai ka rage a jirgin da ke nutsewa. Ina murmushi, amma abin yana ci na. Na koma zama ni kaɗai gaban firiji, kuma kaɗaicin bayan an saba ya fi na farko ɗaci.

Ana cikin haka wata Juma'a bayan masallaci Malam Isiyaka ya yi mini sallama. Shi ne dattijon 'yan Gana a unguwar, direban bas ne, mutum mai nauyi. Ya zo da wani abokinsa da ƙullin goro da dabino. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ɗansu Mutawakilu ya ga 'yar gidana, sun zo neman izini a bisa hanya. Da a Kano ne, wurin ƙanena zan tura su, don uba ba ya zama a kan maganar 'yarsa, shi kuwa ƙanen nawa mai hankali ne, ba ya kallon ƙwallo. A Dubai ba ni da ƙane. Ni ne uba, ni ne waliyyi, ni ne mai bincike, kuma a ganina na riga na gama binciken.

Ku ji hujjojin, don ku san kakanku ba haka kawai ya haukace ba. Ta farko, yaron da ya zauna da kulob lokacin da ake ɗan cin wasa, ya gudu da aka fara faɗuwa, me zai yi ranar da matarsa ta kwanta ciwo ko aikinsa ya tsaya? Ta biyu ta fi zafi. Na ce ashe duk zaman nan, duk dariyar nan, tsani aka yi da ni. Ya hau, ya kai inda yake so, ya ture tsanin da ƙafa. Na haɗa biyun nan na ga sun zauna daram, har na ji ina sha'awar kaifin basirata. Na ce wa Malam Isiyaka mun ji, mun gode, za mu yi shawara, za su ji daga gare mu. Duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi in ta daɗe.

Ta kuwa daɗe. Sanyi ya wuce, muna nan a ƙasan teburi. Malam Isiyaka ya dawo, na ce ana kan shawara. Ya sake dawowa, na ce Kano ba su ba da amsa ba, alhali Kano ba su san an tambaye su ba. Uwarku ba ta fasa kawo tuwon Juma'a ba, ba ta kuma taɓa ɗaga maganar ba, sai dai ta daina yi mini faɗan gishiri. Wannan shirun ya fi faɗan ciwo. Rana ɗaya ce kawai, tana naɗe abin awon jini daga damtsena, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

“Baba, in akwai abin da ka gani, ni na yarda da ganinka. Sai dai ka tabbata ka gani ɗin.”

Na ce na gani da idona. Ta ce to, ta rufe kula ta tafi.

Da zafi ya fara shigowa Malam Isiyaka ya zo zuwa na ƙarshe, wannan karon ba goro. Ya ce ba matsa mini suke yi ba, 'ya tawa ce. Amma kwantiragin yaron a otal zai ƙare a farkon bazara, an ba shi takardar sabuntawa ya ƙi sa hannu. Ya ce in babu rabo ba zai iya zama gari ɗaya da mu ba, gara a soke bizarsa ya koma Kumasi. Kun san yadda abin yake a can, in aka soke an soke, dawowa sai wani ikon Allah. Na ce Allah Ya zaɓa mafi alheri. Da ya fita na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, na ce ƙila faratar Habibi ce.

Uwarku ba ta yi gardama da ni ba, amma ta yi abin da ya fi gardama. Ta nemo wa kakarku bizar ziyara. Hajiya Yalwa ta sauka a Al Nahda da buhun kuka da daddawa da tambayoyi. Ta tambaye ni yaron yana sallah, na ce yana yi. Yana shaye-shaye, na ce a'a. An taɓa kama shi da kayan wani, ko yana da wata matar a ɓoye, ko iyayensa ba mutanen kirki ba ne, duk na ce a'a. Ta ce to mene ne. Na gyara zama na ce magana ce ta amana, irin wadda maza ke ganewa a tsakaninsu. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa nama a wurin mahauci. Da na buɗe baki a ranar na ce mata yaron yana ganina yake canza hanya, da an gama komai kafin shayi ya huce. Ban faɗa ba, don ko a lokacin wani ɓangare na zuciyata ya san hujjar ba za ta ji daɗin fitowa fili ba.

Ranar wasan ƙarshe ta zo, Lahadi ce, ranar aiki a can. In muka ci mun tsira, in ba haka ba sai ajin 'yan dagaji. Na roƙi shugaban sito ya sallame ni da wuri, na yi magariba a masallacin unguwa na shigo ana take wasa. A babbar talabijin ana rabon kofi tsakanin manya, shagon ya cika har ƙofa, ni ina kusurwata da tsohuwar rigata a ƙarƙashin kaftani. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Gobe ya zubar da guda biyu waɗanda ko kakarku za ta ci da zaninta. Aka dawo, lokaci yana ta tafiya, na ji kaina ya fara nauyi irin na ranar da na faɗi. Habibi ya lura, ya kawo mini ruwan sanyi. Yana ajiyewa ya fara mita da Larabcinsa mai haɗe da Turanci, wai Baba, khalas, faɗan nan ya isa haka, ka yafe wa ɗanka ya shigo ciki, tun sanyi yake tsaya mini a bayan kicin, masu kawo gas ba sa samun hanya, shayi ma ba ya saye.

Na ce wane ɗa. Ya nuna ƙofar kicin da haɓa.

Na bi ta tsakanin tukwane na tura ƙofar baya. Lungu ne ƙunci, inda injinan sanyaya ɗaki na benen gaba ɗaya suke huro zafinsu, ga kwandunan shara, ga tukwanen gas. A jikin bangon akwai wata 'yar taga mai maiƙo da ake fitar da hayaƙi. In mutum ya tsaya a kan bulo ya karkata wuya, yana iya hango rabin ƙaramar talabijin ta saman ƙeyar wanda ke zaune gabanta. Ƙeyar tawa ke nan. A kan bulon ga ubanku, da kayan aikin otal, sun jiƙe sharkaf, ta wuyan rigar kuma ratsin kulob ɗinmu yana leƙowa. Yana ganina ya diro ya tsuguna a cikin ruwan wanke-wanke, ya sunkuyar da kai.

Na tambaye shi me yake yi a nan, ya nuna tagar da yatsa. Na ce tun yaushe, ya ce bai taɓa fashi ba. Na ce to kujerar da ke ciki ƙaya gare ta? Na ce ni a sanina ka gudu ne don muna faɗuwa.

“Baba,” ya ce, kuma ranar ce ta farko da ya kira ni haka ba Koci ba, “tun ranar da na sa abin nan a raina, bakin da ya ce ba ka san ƙwallo ba ba zai ƙara buɗewa a gabanka ba. A zangonmu ba a zama da suruki, ba a ci a gabansa. Kakata in ya ji na zauna kujera ɗaya da kai ina ihu, ba zai ƙara cin abincin hannuna ba.”

Kunya. Abin da aka haife ni a cikinsa, aka yi mini wanka da shi. Na yi shekaru a garin da tsoho da yaro suke kwana gado bisa gado, suke bin layi ɗaya a ƙofar banɗaki da tawul a wuya, har na ɗauka irin wannan abu a filin jirgin Kano ake barinsa. Kuma ko da zan neme shi, ba wurin ɗan Kumasi zan nema ba, mutanen da kullum nake tsokana cewa Hausarsu ta zube a hanya. Ashe abin da ya zube a wurina su suka tsince. Yaron ya yi wata da watanni yana gaya mini magana da harshen da ya fi kowane bayyana a garinmu, ni kuwa ina fassara ta da teburin gasar Ingila.

Muna cikin haka, ni a tsaye shi a tsugune, sai Habibi ya fara dukan tagar da ludayi yana ƙwala kiran Baba, Baba. Na ga kafaɗun Muta suna rawa, wuyansa yana son juyawa, amma ya ƙi ɗagowa. Na ce masa tashi ka duba mana. Ya hau bulon ya leƙa, ya sauko, ya koma ya tsuguna, ya haɗiye wani abu mai girma, sannan ya yi magana a hankali kamar mai ba da labarin rasuwa.

“Gobe ne, Baba. Ya ci.”

Ƙwallon da muka yi shekara biyu muna jira, babu wanda ya gan ta a cikinmu. Na tsaya a lungun nan mai wari ina jin nauyin ƙirjina yana sauka, kuma wallahi ban san wanne ne ya sauke shi ba, tsirar kulob ko ɗayar. Na ce masa gobe da safe ya je ya sa hannu a takardar otal, ya kuma ce wa Malam Isiyaka shawara ta ƙare. Ya ƙara sunkuyawa. Na ce to yanzu ka shigo mu ƙarasa, saura kaɗan a tashi. Ya girgiza kai. Na koma ciki ni kaɗai, shi ya koma kan bulonsa, muka ƙarasa wasan haka, Rariya ya kama wata ƙwallo da fuskarsa a minti na ƙarshe, muka tsira.

Abin da na biya ke nan, kuma har yau ina biya. Na samu suruki wanda babu irinsa, na rasa abokin kallo. Na roƙe shi, na yi fushi, na ce na yafe masa kunyar, ya ce ba tawa ba ce balle in yafe. Shi ya sa kuka taso kuka ga in ana wasanmu ni ina falo shi yana ɗaki, kuka ɗauka ba ma shiri. Talabijin ɗinsa tana riga tawa da ɗan lokaci kaɗan. In na ji an buga ƙafa a ƙasa ta bayan bango, na san an ci mu, sai in kawar da kai. In na ji wani ihu da aka toshe da matashi, sai in gyara zama in jira tawa ta iso. Da haka muke hira.

Juma'ar da ta biyo bayan wasan na shiga bas zuwa Al Nahda da sabuwar hula. A hanya na shirya jawabina tsaf, don mutum ba ya shiga gaban iyalinsa ya ce ya yi wata shida yana shirme. Uwarku ta riga ta ji, tana ganina ta gudu kicin, daga can nake jin tana ce wa wata a rage gishiri a miyar Baba. Kakarku tana zaune a kan darduma tana tsinke zogale. Na zauna na yi gyaran murya, na ce mata na amince a ba yaron. Na ce dama duk jan da na yi gwaji ne, irin na manya, ina so in ga ko yana da haƙuri da kunya, kuma alhamdulillahi ya ci jarrabawa. Na ba ta labarin lungun da bulon da canza hanyar da yake yi in ya hango ni, na ɗan gyara wasu wurare, na rufe da cewa ba kowane uba ne yake da idon gane irin wannan ba.

Ba ta ɗago daga zogalenta ba.

“Malam, ranar da ka hango Babanmu a Fagge ka kauce da kekenka ka faɗa kwata har wuya, dawowa ya yi gida ya ce yaron nan yana da kunya, a ba shi. Da ma shi ma ɗan ƙwallo ne irinka, da na huta.”